Takobi da Linjila: Tsokaci a kan Littafin Tolstoy

Wannan takarda za ta dubi littafin Leo Tolstoy na ƙasar Rasha, wanda sunansa ke nufin "Mulkin Allah Yana Cikinku". An fara buga shi a Jamus cikin 1894, domin hukumomin Rasha sun hana a buga shi a gida. Marubucin ba baƙo ba ne ga filin daga, don ya yi aikin soja a Sebastofol lokacin yaƙin Kirimiya, tsakanin 1854 da 1855.

Jigon littafin shi ne haramcin kisa ga Kirista ta kowane hali. Tolstoy ya kafa hujja da huɗubar Almasihu a kan dutse, cikin Linjilar Matta sura ta 5, inda aka hana rama mugunta da mugunta. A ganinsa wannan umarni ne tsantsa, kuma malaman coci sun lulluɓe shi da tawili ne don su zauna lafiya da masu mulki.

Ƙarfin littafin ya fi fitowa a babin ƙarshe. A nan ya ba da labarin wani jirgin ƙasa da ya gamu da shi cikin 1892, maƙare da sojoji da bindigogi da bulalai, za su ladabtar da manoma saboda rikicin daji da wani mai ƙasa. Sojojin kuwa 'ya'yan manoma ne. Ya nuna yadda ake rarraba alhakin kisa tsakanin mai hukunci da gwamna da hafsa da kurtu, har kowa ya ɗauka hannunsa a wanke yake.

Sai dai a namu nazarin, marubucin ya yi tuntuɓe a wuri guda. Tun ƙarni na 5 Agustin ya bambance mai kare kansa da mai kare waninsa bisa umarnin hukuma. Toma Akwinas kuma, a ƙarni na 13, ya gindaya wa yaƙi sharuɗɗa 3: halattacciyar hukuma, dalili na adalci, da kyakkyawar niyya. Da Tolstoy ya zo kan misalin ɗan ta'adda mai bin yarinya, amsarsa ita ce mutuwar ɗan ta'addan tabbas ce idan an harbe shi, amma abin da zai yi wa yarinyar zato ne. Wannan amsa ba ta gamsar da mu ba, domin mai haƙurin daban, wadda za ta ɗanɗana kuɗarsa daban. Irin wannan tsaka-mai-wuya ce ta sa Fasto Dietrich Bonhoeffer, wanda ya daɗe yana wa'azin zaman lafiya, ya haɗa kai da masu ƙulla kawar da Hitler, har aka rataye shi cikin Afrilun 1945.

Duk da haka littafin ya yi tasiri. Gandhi ya karanta shi a Afirka ta Kudu, ya kuma shaida cewa ya girgiza shi ƙwarai. Muna ganin Tolstoy bai rushe sharuɗɗan Akwinas ba, amma ya tona yadda masu mulki ke fakewa da su, tunda kowane sarki shi ke yanke wa kansa hukuncin cewa yaƙinsa na adalci ne. Don haka ya kamata mai nazari ya karanta su biyun tare.