Amshi a Cikin Sujada: Nazari a kan Waƙoƙin Kirista na Ƙasar Zuru

Kalmar nan sujada ta Larabci ce, asalin ma'anarta kuwa sa goshi a ƙasa. Amma Kirista masu jin Hausa sun faɗaɗa ta, har ta zama sunan dukan ibadar ranar Lahadi, watau addu'a da karatu da wa'azi da waƙa. A cikin Littafi Mai Tsarki ba mutum ke fara magana ba. Allah ke bayyana, mutum ya amsa. Haka Musa ya rufe fuskarsa gaban kurmi mai cin wuta, haka Ishaya ya furta rashin tsarkinsa cikin haikali. In sujada amsa ce, to, ma'aunin waƙar sujada shi ne ko ta bar jama'a su amsa da bakinsu.

Ƙasar Zuru, wadda ke cikin Jihar Kebbi tun 1991, wuri ne da ya dace a gwada wannan ma'auni. 'Yan mishan na United Missionary Society sun zauna can a shekarun 1920, daga aikinsu kuma ikkilisiyar UMCA ta fito. Mutanen da su ka tarar, watau Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, da harshensu na C'Lela. Amma da Hausa a ka koya musu karatu, musamman bayan an buga Littafi Mai Tsarki cikakke a 1932, aikin da Dokta Walter Miller ya yi wa babbar hidima. Da Hausa kuma su ka karɓi Littafin Waƙoƙi.

Yawancin waƙoƙin littafin nan fassara ce daga Turanci, kowace da muryarta ta Ingila ko ta Amurka. Alherinsu ba ya ɓoyuwa, gama sun jera koyarwar addini baiti baiti, sun kuma haɗa kabilu da yawa a kan waƙa guda. Aibinsu yana wajen kari. Hausa tana rarrabe gaɓa mai nauyi da marar nauyi, a kan wannan kuwa a ke gina ma'aunin waƙa, kamar yadda Greenberg ya nuna a 1949. Tana kuma da hawa da saukar murya. Jan wasali ne ya raba dafa abinci da dafa kafaɗa, sautin murya kuma ya raba kukan mai neman jinƙai da kukar miya. Muryar da a ka tsara domin Turanci ba ta san wannan ba, sai ta ja inda Hausa ta gajarta, ta hau inda Hausa ta sauka. Mai rerawa ya kan gane nufin, amma da ido ya ke ganewa, daga takarda. Wanda bai iya karatu ba sai ya bi baya da gunguni.

Waƙoƙin Zumuntar Mata dabam su ke. Mace guda ta kan ba da waƙa, sauran su karɓa, ana buga tulu, ana kaɗa caki. Nan magana ce ke jan murya, don haka kalma ta kan fito da kamanninta. Amshin gajere ne, tsohuwa da yarinya su kan kama shi tun a ji na biyu. Wannan tsari ba baƙo ba ne ga mutanen da su ka saba da noman taro na golmo da bikin Uhola. Ba baƙo ba ne kuma ga Littafi Mai Tsarki. Zabura ta 136 aya 26 gare ta, kowace kuwa da amshi ɗaya ta ke ƙarewa. A Fitowa sura 15 ma, Maryamu ce ta ɗauki abin kiɗa, mata su ka bi ta bayan ƙetare teku.

Duk da haka, ba a ce su ba su da aibi ba. Sau da yawa maganarsu kaɗan ce, a yi ta juya jimla guda har kiɗa ya rinjayi ma'ana. Da yawansu ba a rubuce su ke ba, sunan wadda ta tsara su ya kan ɓace, waƙar ma ta bi ta.

Hukuncin da za a yanke ke nan: littafi ya ba jama'a abin faɗi, amshi ya ba su bakin faɗa. Aikin da ya rage wa mawaƙan Zuru shi ne su zuba zurfin na farko cikin ƙirar na biyu, da Hausa da C'Lela duka, su kuma rubuta waƙoƙin matan tun masu su suna da rai. Wanda a ka kira da sunansa, ai da muryarsa ya kamata ya amsa.