Firist, Hadaya, Kafara: Yadda Suka Faɗa a Kunnen Kakata

A hutun damina da ya wuce na koma gida Sarkin Hausa, can ƙasar Mayahi. Idon kakata ya yi rauni, don haka da dare ni ke karanta mata Littafi Mai Tsarki da fitilar salula. Wani dare muna cikin Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, inda ake kiran Almasihu babban firist, sai ta tsai da ni.

"Kai angona, wai mi a firist ɗin nan? Shekara da shekaru ina jin shi a majami'a. Sunan mutum ne ko sunan ƙasa?"

Na buɗe baki, ni mai karatun kimiyyar harshe a Yamai, na rasa abin faɗa. Daga wannan kunyar rubutun nan ya fito. Ƴan uwa Musulmi da ke cikin ƙungiyarmu, kada ku tsallake shafin: rabin kalmomin da zan taɓa naku ne, aro aka yi.

Hausa ta samu cikakken Littafi Mai Tsarki a 1932, aka sake fassara shi wajajen 1980 a Najeriya. Wannan na biyun ne a gidanmu, shi nake suka. Ku lura, a Najeriya aka yi aikin, mu a nan muka karɓa, kamar yadda ƴan mishan na SIM da suka zauna Tsibiri kusa da Maraɗi masu Ingilishi ne a ƙasar da Faransa ke mulki. Firist kalmar Ingilishi ce aka sa wa riga. An mai da p ya zama f, an cusa wasali tsakanin baƙaƙe biyun farko, amma aka bar ta tana ƙarewa da st, abin da bakin Bahaushe bai saba ba. Jam'inta kuwa ya zauna daram: firistoci, kamar mota da motoci. Har littafi na uku na Attaura an sa masa suna Littafin Firistoci. Ɗan Jos ko Kaduna da ya yi boko zai jiyo Ingilishin a ƙarƙashi. Mu da muka yi lakwal da Faransanci fa? Kakata da ba ta yi ko ɗaya ba fa? Ƙwarya ce babu fura.

Na san masu fassara sun shiga tsaka mai wuya. Liman yana jan salla, ba ya tsayawa tsakanin mutum da Allah da jini a hannu. Malam mai koyarwa ne. Boka kuwa, wa zai yarda a kira Haruna boka? Amma akwai ƙofa ta huɗu da suka ƙi ko leƙawa. Na bar Ibraniyawa na karanta wa kakata sura ta 16 ta Firistoci: sau ɗaya a shekara, awaki biyu, a jefa ƙuri'a, a yanka ɗaya a yayyafa jininsa, ɗayan a ɗora masa hannu a furta laifofin jama'a a kora shi jeji. Kuma ba kowa ke wannan aiki ba, sai zuriyar Haruna. Tsohuwa ta yi dariya.

"Ashe mai yanka na gado ne! Haka ubana shi kai. Kahin shibka shi ka yanka ma gida duka, ba wanda ka taɓa wuƙar sai shi."

Uban kakata Ba'anne ne. Annan ƙasar Maraɗi, waɗanda Guy Nicolas ya yi shekaru yana rubutu a kansu, sun san yanka na gado, sun san baƙin bunsuru daban, jan zakara daban, sun san jini ake zubarwa a wuri keɓaɓɓe. A duk ƙasar nan babu wanda duniyar Firistoci ta fi kusa da shi kamar su, kuma su fassarar ta fi rufe wa ƙofa, don tsoron kalma ɗaya: tsafi. Na fahimci tsoron. Amma an biya shi da tsada, domin hujjar Ibraniyawa gaba ɗaya a kan wannan hoto take tsaye: mai yanka da ke komawa kowace shekara, da wanda ya miƙa kansa sau ɗaya aka gama. In ba ka ga na farkon ba, na biyun ba zai girgiza ka ba.

Hadaya ba ni da rigima da ita sosai. Balarabiya ce daga tushen kyauta, kuma alhazai sun riga sun kawo ta: ita ce dabbar da ake yankawa a Mina. Sun kyauta da ba su ɗauki layya ba, don layya ta manne da Babbar Salla, ba kuma sadaka ba, don sadaka bakin mabuƙaci take nufa. Aibinta ɗaya, an ɗora mata kaya da yawa: ta ƙonawa hadaya, ta gari hadaya, ta zunubi hadaya.

Kafara ce ta hana ni barci. A ido, babu zaɓin da ya fi shi kyau. Ibraniyanci na da tushen k-p-r, wanda ya ba da Yom Kippur, Larabci na da k-f-r, wanda ya ba mu kaffara. Ƴan uwan juna ne, ɗan kimiyyar harshe sai ya yi tafi. To amma ku tambayi kowane ɗalibi a ɗakin kwananmu mece ce kaffara. Zai ce wanda ya karya azumin Ramadan da gangan ya yi wata biyu a jere ko ya ciyar da miskinai 60, wanda ya karya rantsuwa ya ciyar da 10. Wa ke yi? Mai laifin. Da cikinsa, da aljihunsa. A Littafi Mai Tsarki kuwa mai aikatawa a jimlar wani ne daban: firist ke yin kafara domin jama'a, Almasihu domin masu zunubi. Kalmar ta shigo da nahawunta na gida, nassin yana so ta yi kishiyarsa. Na taɓa gwada wa abokin ɗakina, Musulmi, cewa wani ya yi mini kafara. Ya ce, "Kai ka ci, shi ya rama? Wace irin shari'a ce wannan?" Tambayarsa daidai take, ita ce ma ainihin inda addinan biyu suka rabu. Abin da nake zargin fassarar da shi, ta ɓoye wannan rabuwa a ƙarƙashin kalmar da kowa ke zaton ya gane. Cire f ɗaya da aka yi a rubutu bai canza kome a kunne ba.

Wadda ta fi duka rai ita ce fansa, kuma ba a ba ta filin da ya kamace ta ba. Kakanninmu sun san fansar bawa. Musulmi na cewa an fanshi ɗan Annabi Ibrahim da rago, Kirista na karanta labarin a Farawa 22 da sunan Ishaku. Yau kuma mutanen Madarunfa da Gidan Rumji sun san kuɗin fansa fiye da yadda suke so: wanda aka kama ba ya iya biyan kome, dangi ne ke sai da shanu da gona. Nan ba sai an yi wa kowa bayanin cewa wani ke biya domin wani ba. Ita ma da ƙayarta, don tana jawo tambayar wa aka biya, tambayar da malaman Kirista suka daɗe suna gardama a kai, ga kuma ɗaukar fansa a gefe tana nufin ramuwa.

Da zan koma Yamai na ɗauki fensir na rubuta "mai yanka na gado" a gefen shafi, duk inda firist ya fito a surorin da kakata ke so, don ƙanwata da za ta ci gaba da karanta mata. Babana ya gani, ya yi shiru, sa'an nan ya ce kada in bari fasto ya gani. Bai dai goge ba.