Tawadar Allo da Ruwan Maganaɗisu

Gawayi ba ya narkewa a ruwa. Niƙa shi ya yi laushi iya son ranka, ka dama a kasko, ba da jimawa ba baƙin zai kwanta, ruwa ya taso sama. Amma a Gidimuni, gabas da Damagaram kan hanyar Gure, da duk garin da ake karatun allo, gardi kan haɗa tawadar da za ta yi kwanaki a kurtu tana rubutu. Ƙaro ne sirrin.

Aiki ne na mai haƙuri. A kankare baƙin gindin tukunya ko a niƙa gawayi, a jiƙa ƙaro ya narke, a dama, a tace da ƙyalle. Gwani ba ya awo. Alƙalamin kara zai tsoma, ya ja layi ɗaya a allo, ya duba. In ƙaro ya yi kaɗan, rubutu na bushewa sai ya bi hannu. In ya yi yawa, tawada ta yi danƙo, ta ƙi sauka daga bakin alƙalami. Tsakanin nan gwaninta take, kuma a ganina ba a ba ta girman da ya kamace ta. Ƙaron yana lulluɓe kowace ƙwayar baƙi ne, ya hana ta manne wa 'yar'uwarta, ƙwayar da ba ta dunƙule ba kuwa ba ta saurin nutsewa.

Irin wannan matsala Steve Papell na hukumar NASA a Amurka ya warware a 1963, yana neman yadda maganaɗisu zai ja man roka a sararin samaniya, inda ruwa ba ya gangara. Ya niƙa baƙar tamar ƙarfe a kananzir, ya sa wani sinadarin mai ya yi aikin ƙaro. Ƙwayoyin irin wannan ruwa ba su wuce kimanin nanomita 10 ba. Kusanto masa da maganaɗisu, fuskarsa ta tashi da tsinaye jere reras kamar bayan bushiya: maganaɗisu na ja, nauyi da ɗaurin fatar ruwan na dannewa. Masana biyu, Cowley da Rosensweig, suka yi lissafin tashin tsinayen nan a 1967. Yau ana ɗiga ruwan cikin wasu lasifikoki, ya riƙa kwashe zafin wayar da ke cikinsu shekara da shekaru bai dunƙule ba.