Allura biyar a kunne: abin da fim ɗin Dope Is Death bai tambaya ba

Na kalli Dope Is Death, fim ɗin da Mia Donovan ta fitar a 2020, a ɗakina da ke Bulpiela, ƙanena yana kwance a zaure, kwana na uku da barin tiramol, gumi da rawar jiki sun hana shi barci. Don haka ba kallon nishaɗi na yi ba.

Labarin na unguwar Bronx ne a Amurka. A 1970 matasan Young Lords da Black Panthers suka mamaye wani sashe na asibitin Lincoln, suka buɗe wurin raba mutane da hiroyin. Da farko metadon suke bayarwa, daga baya suka koma ga soka allura a kunne irin ta Sinawa, dabarar da likita H. L. Wen ya gwada a Hongkong. Mutulu Shakur, mijin mahaifiyar Tupac, yana cikin jagororin aikin, har hukuma ta kore su a 1978.

A nan fim ɗin ya yi ƙarfi. Tsofaffin da suka yi aikin suna magana da bakinsu, kana ganin yadda unguwar da gwamnati ta yi watsi da ita ta riƙe 'ya'yanta. Wanda ya ga samarinmu na Tamale a tashar mota ido a lumshe, ba sai an yi masa tafinta ba.

Amma darektar ta so mutanen nan har ta kasa yi musu tambaya guda: allurar ce ta yi aiki, ko zaman? A 2002 mujallar JAMA ta buga gwaji kan masu shan hodar iblis 620, allurar ba ta fi ta bogi tasiri ba. A Lincoln kuwa akwai kujera, da hira, da wanda zai neme ka gobe. Ko wanzaminmu ya san rabin ƙaho hira ce.

Wannan giɓin ya dame ni, domin mai kallo irina yana neman abin da zai kama. Da na gama, sai da na fara lalube a waya ko akwai mai soka allura a Tamale. Na ajiye wayar. Da asuba na goya yaron a babur muka nufi asibiti.