Mujallar Der Spiegel: Tarihinta, Yaɗuwarta da Matsalar Salonta

Abin da wannan takarda za ta yi ƙoƙarin dubawa shi ne ko yawan masu sayen mujalla ya isa ya zama shaidar ingancinta. Mun zaɓi Der Spiegel ta Jamus, wato "Madubi", domin a tarihinta abubuwan nan biyu ba kullum suka jera ba.

Mujallar ta fara fitowa ran 4 ga Janairu, 1947 a birnin Hanoba, da kofe 15,000. Ta gaji wata mai suna Diese Woche, wadda sojojin Ingila masu mulkin yankin suka kafa, sannan suka sakar wa Rudolf Augstein, saurayi ɗan shekara 23. A 1952 ta koma Hambog.

Sunanta ya fito ne a Oktoba, 1962, sa'ad da ta buga rahoto kan raunin rundunar sojan Jamus ta Yamma. 'Yan sanda suka mamaye ofisoshinta bisa zargin cin amanar ƙasa, aka tsare Augstein kwana 103. Ɗalibai suka fito tituna, a ƙarshe kuwa Ministan Tsaro Franz Josef Strauss ne ya rasa kujerarsa. Kasuwarta ta ci gaba da buɗewa, har ta haura kofe miliyan ɗaya a farkon shekarun 1990. Fitowar kishiyarta Focus a 1993, da kuma intanet, suka rage mata ciniki. Ya zuwa 2018 ta sauko wajen 700,000.

To, amma a ganinmu jaruntakar 1962 ta rufe wa manazarta ido daga wani aibi. Tun 1957 marubuci Hans Magnus Enzensberger ya soki harshen mujallar, yana ganin tana mayar da rahoto tamkar ƙagaggen labari, mai jarumi da kulli da warwara (abin yabo dai, ita kanta ta buga sukan). Mai karatu yakan sha daɗi, amma ba ya iya tantance inda bayani ya tsaya, inda adon marubuci ya soma. Wannan daɗin kuwa yana cikin abin da ya sayar da ita.

A Disamba, 2018 mujallar ta amsa cewa wakilinta Claas Relotius, wanda ya sha karɓar lambobin yabo, ya ƙirƙiri mutane da maganganu a rahotanninsa. Sashenta na tantance bayanai, da ake alfahari da shi, bai gano ba. Abokin aikinsa Juan Moreno ne ya bi sawu, editoci kuma da fari suka ƙi yarda da shi.