Araha Ba Ta Ado: Farashin Ƙunshi da Rainon Lalle a Tawa

Suka iri biyu ake yi wa masu ƙunshin jan lalle a Tawa, kuma kowace tana ƙaryata ɗayar. Magidanta na cewa ganye ne da ruwa, don me za a biya shi jika-jika? Ƴanmatan da suka koyi zanen fure a waya kuma na cewa aikin tsofaffi ne, wa zai kwana da ƙafa a ɗaure alhali dayis na kamawa kafin shayi ya nuna? Waɗancan sun raina wahalar, waɗannan sun ce ta yi yawa. Dukansu dai ba su zauna sun ga yadda ake yanka salatif ba, ba su kuma taɓa ƙirga kwanakin da lallen ke yi a ƙafa ba.

Tarihin ba ya son dogon zance. An samu lalle a farata da gashin gawarwakin Misira ta dā, Musulunci ya zo ya ƙarfafa wa mata shi, Hausawa suka dasa shi a shingen lambu suka jingina masa rabin al'adun aure: kamu, sa lalle, wankan amarya da na ango. Littafin Mary Smith na 1954 kan rayuwar Baba ta Karo ya nuna matsayinsa a auren ƙasar Zazzau, kuma Adar, ƙasar da Tawa take, ba ta bambanta sosai ba. A da, hannu zunguru ake zura shi, ƙafa a naɗe ta da ganye da tsumma, a tashi da ja bai-ɗaya kamar an sa safa. Baƙin ado na katambiri ne, a fuska. Salatif ya shigo daga baya, sai ƙullin lallen Indiya mai tsinin baki, wanda garin Sojat na jihar Rajastan ya yi suna da nomansa, sannan dayis.

A cikinsu duka ƙunshin salatif na fi girmamawa, domin shi kaɗai ake zanawa a juye. Mai zanen fure tana sa launi inda take son ido ya sauka. Mai salatif tana rufe wurin ne, ta bar wa lalle saura, sai gobe farar fatar da ta ɓoye ta fito a matsayin zane. Takan manna salatif a bayan faranti, ta ja reza ta fitar da zirara siri-siri, wasu ba su kai kaurin tsinken ashana ba. Da layin iyaka take farawa, wanda ke zagaye gefen ƙafa daga diddige zuwa babban yatsa. In ya karkace, duk abin da aka ɗora a kansa ya karkace. Sannan ta jera gajerun zirara a gicciye, su haifi ƙananan kusurwa-uku da gidaje masu tsini sama da ƙasa, dangin waɗanda ake gani a jakunkunan fata da matasan kai da Buzayen Abalak da Cintabaradan ke kawowa kasuwar Lahadi. Reza ba ta lanƙwasa, saboda haka duk inda ka ga da'ira a ƙunshin salatif, guntaye ne da yawa aka jera har ido ya yarda. Kuma dole dama ta amsa hagu, ba ma'auni sai ido.

Gwanintar ta ainihi tana bakin zirin. Sai ta bi kowane da farcen babban yatsa ta danne, don in leɓe ɗaya ya ɗaga, kwaɓin zai kutsa ƙarƙashi ya dagula layin, ba kuma za a sani ba sai an kwance da asuba, lokacin da babu gogewa. Shi ya sa take wanke ƙafar, ta goge kaushi, ta hana shafa mai tun safe: salatif ba ya kama fata mai maiƙo, lalle ma haka. Garin sai an tankaɗe shi da ƙyalle mai laushi, a kwaɓa da ruwan ɗumi da lemun tsami da ɗan sukari, wasu su ɗiga mahallabiya, a bar shi ya tsima. In ya yi ruwa ya zurara, in ya yi tauri ya tsattsage. Da hunturu iskar Tawa kan busar da shi tun bai kama ba, don haka ake rufe shi da leda kafin tsumma.

Daga nan rabin aikin ya koma hannun mai ƙafa. Sinadarin da ke cikin ganyen yana manne wa busasshiyar fatar sama, shi ya sa ya fi kamawa a tafin ƙafa da na hannu inda take da kauri. Da an kwance, ruwan lemo yake fitowa, sai iska ta yi kwana 1 ko 2 tana bugunsa sannan ya nuna ya yi jawur. Amaryar da aka ƙunsa daren ɗaurin aure an cuce ta. Kwana 2 kafin nan ya kamata. Ga abin da gwana ke faɗa tana naɗe tsummanta:

"Ɗiyata, kak ki wanke shi da ruwa. Kankare shi za ki yi da bayan cokali, ki shafa man shanu ko man kaɗe. Yau da gobe ba ke ba wanki, ba ke ba omo."

"To Inna, alwala fa?"

"Yi abarki, launi ne, ba ya tare ruwa. Kak ki cuɗa dai, in kin gama ki maida mai."

Wadda ta bi wannan za ta yi mako 2 zuwa 3 da adonta, na farce kuwa sai farcen ya tsiro ya ture shi.

Yanzu a zo ga kuɗi. Kayan aiki su ne mafi ƙanƙanta a lissafin, ko da yake su ma sun sha tashi: karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ta taɓa duk abin da ake shigowa da shi, rufe iyakar Najeriya bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma ya ƙuntata hanyar Ƙonni. Abin da ake saya da gaske shi ne awanni na sunkuyo, da ido, da kuɗin kabu-kabu zuwa gidan biki. A ce an yi ƙunshi a jika 3 ya yi kwana 20: dala 30 ke nan a rana. A ce an yi dayis a jika 2 ya fara kojewa a kwana 7: kusan dala 60. Mai gida ya duba wanne ne tsada.

Dayis kuwa bai cancanci a jera shi da lalle ba. Rinin gashi ne mai sinadarin PPD, wanda Tarayyar Turai ta taƙaita shi ga kashi 2 cikin 100 a rinin gashi, Amurka kuma ba ta halatta shafa shi a fata ba. Ga wadda jikinta ya ƙi shi, bayan ƴan kwanaki zanen kan kumbura ya yi ruwa, ya bar tabo da siffar furen, ƙin kuma ya zauna mata har abada. Mai son baƙi ta maimaita ƙunshi dare biyu, ja ya yi duhu.

Laifin masu ƙunshi ɗaya ne, kunya. "Ki ba da abin da ya sawwaƙa" ita ce kalmar da ta fi talauta su, sai bashin dangi da ba a tambaya. A faɗi kuɗi kafin a manna ziri na farko: na hannu daban, na ƙafa daban, na amarya daban da na ƙawaye. Aikin biki a karɓi kafin alƙalami. Ƙarin kuɗin jajibirin Salla ma halal ne, daren ɗaya ne, hannun biyu ne. Sana'ar mai lokaci ce: tana cika idan ƴan ci-rani suka dawo daga Abijan da Libiya da Kamaru aka shiga aure-aure, ta yi sanyi da damina, don haka ribar rani ce ke zuba adashin shekara.

Inda na dosa shi ne raino ya shiga cikin farashi a fili. Mai ƙunshin da za ta dawo da safe ta kwance da hannunta, ta bar ɗan mai a gwangwani, ta sake ɗorawa kyauta in wani gefe bai kama ba, ta kuma ƙi sa wa jariri lalle ranar suna saboda yana fasa jinin wasu jarirai masu wata larura ta gado, wannan ta cancanci ninkin kuɗin wadda za ta zana ta karɓa ta tafi. Yarinyar da ke koyon riƙe reza a yau a koya mata faɗin kuɗinta ba tare da sunkuyar da kai ba, da faɗin dokokin raino ko ba a tambaye ta ba. In ta iya reza kaɗai, shekara biyu za ta yi ta ajiye ta ta ɗauki dayis.