Murya a Matsayin Fassara: Tarken Fitowar Ƴan Wasa Biyar a Matsayin Eva Peron a Wasan Evita

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa ɗalibin adabi yakan ɗauka cewa da zarar marubucin wasan kwaikwayo ya ajiye alƙalami, to an gama gina tauraro ke nan. A haƙiƙa wanda ya hau dandamali shi yake ƙarasa ginin, domin shi zai zaɓi inda zai ɗaga murya da inda zai sassauta, kuma wannan zaɓi yana iya sauya ma'anar wasa gaba ɗaya. Wannan takarda za ta gwada haka ta hanyar kwatanta mata biyar da suka fito a matsayin Eva Peron a wasan Evita daga 1978 zuwa 2025. An dogara ne da faya-fayen waƙoƙin wasan, da fim ɗinsa, da kuma hotunan bidiyo na wasu fitowa.

2.0 Wasan da Tauraruwarsa

Evita wasan kwaikwayo ne na waƙa. Tim Rice ya rubuta baitocin, Andrew Lloyd Webber ya tsara kiɗan, dukkansu mutanen Ingila ne. Ya fara fitowa a faifai a 1976 da muryar Julie Covington, sannan aka ɗora shi a dandamali a Landan a 1978. Kusan duk zancen da ke cikinsa da waƙa ake yin sa. A nan ya kamata ɗalibi ya lura da wani bambanci. A finafinan Hausa da na Indiya mawaƙiya daban take rera waƙa a situdiyo, ƴar wasa ta bi da leɓe. A irin wannan wasa kuwa ƴar wasa da kanta take rerawa a gaban ƴan kallo, tana tafiya, tana rawa, tana sauya tufafi.

Ita dai Eva an haife ta a 1919 a karkarar Ajantina cikin talauci. Ta tafi birnin Buenos Aires tana da shekara 15, ta zama ƴar wasa a rediyo, ta haɗu da Kanar Juan Peron a 1944, suka yi aure a 1945, ya zama shugaban ƙasa a 1946. Ta kafa gidauniyar taimakon talakawa, ta tsaya wajen bai wa mata damar jefa ƙuri'a, ta rasu a 1952 tana da shekara 33 sakamakon ciwon daji. Har yau mutanen ƙasarta sun rabu biyu a kanta: wasu uwar talakawa suke ganin ta, wasu kuma mai neman mulki ta kowace hanya.

3.0 Ina Wahalar Take?

Wahalar farko ta murya ce. An tsara waƙoƙin Eva ta yadda sai ƴar wasa ta kai muryar ƙirji, wato mai kauri da ƙarfi, zuwa saman da yawancin mata sukan koma siririyar murya, kuma ta daɗe a can. Shi ya sa tun a Landan da Niyok aka saba ajiye wata ƴar wasa ta biyu mai karɓar wasu ranaku a mako domin tauraruwa ta huta.

Wahala ta biyu ta ma'ana ce, kuma ta fi girma. Marubutan ba su yanke hukunci a kan Eva ba. Sun sa mai ba da labari, mai suna Che, yana bin ta da suka daga farko har ƙarshe, amma kuma sun ba ta kiɗa mafi daɗi. Inda abin ya fi fitowa fili shi ne waƙar baranda, wadda ta fi kowace waƙa a wasan shahara. Eva tana tsaye a barandar fadar shugaban ƙasa bayan nasarar mijinta, tana shaida wa talakawa cewa ba don suna ko dukiya ta zo ba. Da ta gama kuma sai a ji ta tana alfahari da irin son da jama'a suke yi musu. Shin gaskiya ta faɗa ko daɗin bakin siyasa ne? Baitocin ba su amsa ba. Dole ƴar wasa ta amsa da muryarta.

4.0 Fitowa Biyar

4.1 Elaine Paige (Landan, 1978). Ba ta yi suna sosai ba kafin wannan wasa, wanda Harold Prince ya ba da umarni. Muryarta garau take, kowace kalma tana fita ɗaya bayan ɗaya. A waƙar baranda takan fara a hankali kamar mai jin nauyin taro, sannan ta buɗe murya sannu a hankali. Mai sauraro yakan gaskata ta, sai daga baya ya tuna cewa an nuna masa yadda ta tattake mutane kafin ta kai nan. Ƙarfin fassarar Paige ke nan: tana yaudarar ɗan kallo kamar yadda ake zargin Eva da yaudarar talakawa. Rauninta shi ne a wuraren da ake son Eva ta ba da tsoro, taushin muryar yakan rage kaifin abin.

4.2 Patti LuPone (Niyok, 1979). Ta yi karatun wasan kwaikwayo a makarantar Juilliard, kuma wannan fitowa ta ba ta lambar Tony a 1980. Eva ɗinta mayunwaciya ce. Duk wanda ya kalli yadda ta rera waƙar da ke rufe kashi na farko a bikin Tony na wannan shekara zai ga mace mai tura mijinta gaba lokacin da shi yake tunanin ja da baya. Muryarta takan fita kamar kakaki. Ita kanta ta sha bayyana irin azabar da waƙoƙin suka ba maƙogwaronta, kuma wannan fama ya shiga cikin fassarar, domin ana jin mace mai kokawa da abin da ya kusa fin ƙarfinta. Inda ta gaza shi ne furuci: garin ƙarfi takan haɗiye wasu gaɓoɓi, ɗalibin da Ingilishi ba harshensa ba ne zai sha wuya kafin ya tsinci kalmomin.

4.3 Madonna (fim, 1996). Alan Parker ya ba da umarni. An sauke wasu waƙoƙin ƙasa domin su dace da muryarta, kuma da yake kyamara tana kusa da fuska, ba ta bukatar ihu. An ba ta waƙar da a dandamali ta farkar Peron ce, wato yarinyar da Eva ta kora daga gida. An ƙara mata sabuwar waƙa ta lokacin jinya, wadda ta ci lambar Oscar. An kuma nuna yadda aka wulaƙanta ta tana ƙarama a wurin jana'izar mahaifinta. Duk waɗannan sauye-sauye hanya ɗaya suka nufa, wato jawo mata tausayi. Waƙar da aka rubuta domin nuna zaluncin Eva ta koma nuna zaluncin da aka yi mata. Madonna ta yi kyau ƙwarai a sashen rashin lafiya, amma tambayar da wasan ya bari a buɗe an rufe ta tun kafin a kai baranda.

4.4 Elena Roger (Landan, 2006, Niyok, 2012). Ita ƴar Ajantina ce, kuma Ingilishinta yana ɗauke da karin harshen ƙasarta. Wannan ya sa aka ji Eva kamar ƴar gida, musamman a rawar tango. A Landan an yaba mata sosai, a Niyok kuwa masu tarke sun rabu, wasu suna ganin muryarta tana tsananta idan ta hau sama. Darasi ga ɗalibin harshe shi ne karin harshe ma fassara ne, yana gaya wa ɗan kallo asalin tauraro tun kafin ya fahimci abin da aka ce.

4.5 Rachel Zegler (Landan, 2025). Mai ba da umarni Jamie Lloyd ya fitar da ita barandar gidan wasa na Palladium ta waje, ta rera waƙar ga masu tsayuwa a titi kyauta, waɗanda suka sayi tikiti kuma suka kalla a majigi daga ciki. Wasu masu tikiti sun yi ƙorafi. Sai dai dabarar ta yi daidai da jigo: talakawa suna ganin Eva ido da ido suna tafi, na ciki suna ganin yadda ake shirya abin domin kyamara. Zegler ta rera da murya mai tsabta, amma rabin fassarar a nan na mai ba da umarni ne.

5.0 Kammalawa

Idan ma'aunin shi ne ƙarfin murya da tsoron da tauraruwa take jefawa a zuciya, babu kamar LuPone. Idan tausayi ake nema, Madonna ce a gaba. Amma a ra'ayin wannan takarda ma'aunin da ya dace shi ne wanda wasan ya kafa da kansa, wato ɗan kallo ya fita bai san ko ya so Eva ko ya ƙi ta ba. A bisa wannan, Paige ta fi kusa da manufa, domin ita ce ta riƙe gaskiya da daɗin baki a cikin numfashi ɗaya. Ana shawartar ɗalibi ya saurari waƙar baranda daga bakin Paige da LuPone a jere, ya rubuta inda kowace ta ja numfashi da kalmomin da ta danna, sannan ya gwada irin wannan nazari a kan ƴan wasa biyu da suka taɓa fitowa a matsayi guda a wani wasan kwaikwayo na Hausa.